Kananzir wanki yake yi, ba ya maye gurbin man keke

Shekara 19 ke nan ina gyaran keken ɗinki, kuma yawancin waɗanda ake kawo mini ba abin da ya karye a jikinsu, mai ne ya kwantar da su. Makon jiya wata Hajiya ta zo da kekenta ƙirar Butterfly a a-daidaita-sahu, kan ya ƙi juyawa ko da hannu biyu. Ina cire murfin gefe sai ƙanshin ƙuliƙuli ya buge ni.

Na ce, "Hajiya, man gyaɗa aka zuba masa?"

Ta ce, "To Malam, ai mai duk mai ne."

A tukunya wataƙila. A ƙarfe kuwa, man gyaɗa da manja in sun sha iska kauri suke yi su koma danƙo, hunturu ya zo ya ƙara musu ƙura, sai su kama ƙarfe kamar ƙaro.

Fetur, kananzir, man keke, man inji, basilin, har kakin kyandir, duk uwarsu ɗaya, ɗanyen mai. A matata ake raba su, kowa da nauyinsa. Marasa nauyin suna narkar da masu nauyi, sannan su bi iska su tafi, shi ya sa aikinsu wanki ne. Masu nauyin su ke zama tsakanin ƙarfe da ƙarfe su hana su cin juna. Wanda ya zuba kananzir ya ji keke ya yi laushi ya tsaya nan, ya wanke ɗan man da ya rage ne kawai. Bayan kwana kaɗan ƙarfe zai koma gugar ɗan uwansa a bushe.

Ga yadda nake yi. Ina cire allura da zare da gidan bobin, wato inda zaren ƙasa yake zama, in kakkaɓe ƙura da tsohon buroshin haƙori. Sai in ɗiga kananzir a kowane ramin mai da duk inda ƙarfe ke motsi, in bar shi ya kwana in danƙon ya tsufa. Kada ka tilasta kan, ka riƙa girgiza shi gaba da baya har ya sake da kansa. In ya sake, ka juya shi sosai, baƙin ruwa zai fito, ka goge da tsumma, ka bar shi ya sha iska. Sannan man keke, farin nan mai kama da ruwa, ɗigo ɗaya a kowane rami. Ɗaya na ce. Ragowar a farar shaddar mutane zai sauka, don haka ka fara gwaji a kan ƙyalle. Kada mai ya taɓa bel ko robar naɗe bobin: santsi za su yi, robar kuma ta kumbura.

Baƙin man da aka juye daga babur fa? Cike yake da garin ƙarfe da toka, ko sarƙar keken hawa ban so a shafa wa.

WD-40 da ake yi wa kallon maganin komai, a San Diego ta Amurka aka haɗa shi a 1953 don korar ruwa da hana tsatsa. Mafi yawansa mai wanki ne, da ɗan mai kaɗan a ciki. Yana kwance noti mai tsatsa, amma sai ka bi bayansa da man gaske. Giris kuwa mai ne da aka kama da wani irin sabulu don kada ya zuba, wurinsa haƙoran giya da boris. Kwaɗon ƙofa ba ya son ko ɗaya a garinmu mai ƙura. Goga bakin fensir a jikin makulli, ka sa ka cire sau da yawa.

Sauran masu wankin kowa da abin da yake ci. Tina, ruwan tsinka fenti, ta fentin mai ce, kuma za ta ɗebe zanen zinariyar da ke jikin kan keke, na taɓa yi ina yaron shago, na sha faɗa. Sipirit yana cire tawadar biro. Ruwan goge jan farce yana narkar da sufa gulu, amma yana cin wasu robobin, sai an gwada a lungu.

Fetur kuwa ban yarda a yi wanki da shi a cikin gida ba. Tururinsa ya fi iska nauyi, ƙasa yake bi har ya iske risho ko garwashi a ɗaya gefen tsakar gida. Kananzir ɗin ma a waje ake aiki da shi, kuma kada a zuba shi a gorar lemo inda yara ke gani.

Keken Hajiya kwana biyu ya yi a jiƙe kafin ya motsa. Da ta zo ɗauka na haɗa mata da ƙaramar kwalbar man keke, na sa kuɗinta a cikin lissafi.