Yadda na gyara hirar mutanen labarina

Alhamdulillahi na samo kan matsalar nan. Labarin da nake sakawa babi-babi a WhatsApp, masu karatu sai cewa suke ba sa gane wa ke magana, kaka da ɗan moto (ɗan acaɓa) da malamin makaranta duk bakinsu ɗaya.

Na fara canza musu sunaye, ba abin da ya sauya. Na zuba karin magana a bakin kaka sai ta koma kamar mai wa'azi, na yayyafa Fulatanci tunda a Garwa ta ƙasar Kamaru labarin yake, shi ma shiru.

Ga abin da ya yi aiki. Na kwafe hirar kawai zuwa sabon shafi, na goge duk "ya ce" da "ta ce". Na karanta da murya ɗaya ba kwaikwayo, na tura wa ƙanwata voice, na ce ta saurara a 1x kar ta ƙara sauri zuwa 1.5x, ta faɗi wa ke magana a kowane layi. Inda ta kasa na sa jan biro. Sannan kowa na rubuta masa abin da yake so a wurin da abin da ba zai taɓa furtawa ba. Kaka ba ta kiran sunan ɗan farinta, alkunya, sai dai "wancan yaron". Ɗan moto gajeren magana gare shi, kuɗi kuma da Faransanci yake faɗa. Malam shi kaɗai na bari yake kai jimla ƙarshe.

Na sake turawa ta gane su duka. Allah ya saka miki ƙanwata.