Yadda ɗan Tawa zai je Yamai ya ga gari a ƙarshen mako

Mutanenmu da yawa sukan ce sun je Yamai yawon buɗe ido, amma in ka tambaye su me suka gani, sai ka ji tashar mota, tsakar gidan kawu, da hanyar da ke tsakaninsu. Ba kuɗi ne suka ƙare ba, tsari ne babu.

Da farko, ka tashi ranar Juma'a da motar asuba, ba Asabar ba. Tsakanin Tawa da Yamai ya haura kilomita 500, ta Ƙonni, Dogon Dutsi da Doso, ga shingayen jandarmomi inda kowa zai nuna katinsa na ɗan ƙasa. Wuni guda ne cur. Katin ya zauna a aljihun gaba, kada ka cusa shi cikin jakar da aka jefa ƙarƙashin mota. Kana sauka, tun kafin ka nemi ruwan alwala, ka yanki tikitin dawowa. Lokaci kuwa, daga Nuwamba zuwa Fabrairu kawai nake ba da shawara. A Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40, kogin Isa (wato kogin Neja) ma ya janye.

Sai masauki, kuma a nan ne tafiyar yawancin mutane take mutuwa. Kowane Ba'adare, wato mutumin ƙasar Tawa, yana da dangi a Yamai, kuma sauka wajensu ya fi otal sauƙi nesa ba kusa ba. Amma kyautar tana da farashi. Ka tashi Asabar da niyyar fita ƙarfe takwas, sai inna ta ce, "Haba ɗana, ka fita ba ka karya ba?" Ana cikin jiran kunu, kawu ya ce, "Ai ba ka shigo garin nan ka fasa gaida Alhaji a Lazare ba." Daga Lazare a ce akwai suna a Talaje, daga can a ce gwaggo ta ji labarin zuwanka tana fushi. Kafin ka farga an kira la'asar, kana zaune kan tabarma ta huɗu da kwanon fura a gabanka.

Maganin abin shi ne ka biya bashin gaisuwa tun daren Juma'a. Ka raba tsaraba a daren, ka zaga gida biyu ko uku da ba su da makawa, sauran ka kira su a waya ka ce ka iso, za ka leƙo Lahadi da yamma. Sannan ka faɗa wa mai masaukinka a fili, cikin ladabi: "Kawu, gobe ina so in kai yara su ga gidan tarihi, da sassafe za mu fita." In ka sa yara a gaba, ba mai tsayar da kai. Kuma kada ka yarda a ce ka jira wani ya zo ya kai ka da motarsa. Mai mota ba ya zuwa kafin azahar.

Taksi za ka shiga. Ba kamar kabu-kabun Tawa ba ne da yake kai ka har ƙofar gida. A nan haɗaka ake yi: ka tsayar, ka sunkuya ta taga ka faɗi unguwa, in ya yi daidai da hanyarsa ya gyaɗa kai, in bai yi ba ya ja motarsa ko kallonka ba ya ƙarawa. Ba wulaƙanci ba ne. In wurin da nisa zai ce kuɗin mutum biyu, ku daidaita kafin ka zauna. Ka riƙe canji, mai taksi da ƴar jika goma ba sa shiri. Zabarmanci ya fi yawa a titi, amma Hausa za ta kai ka duk inda kake so.

Ka fara da gidan tarihi na ƙasa mai sunan Bubu Hama, wanda aka buɗe a 1959. Mutane suna rugawa wajen zakuna da dorina su ƙare ƙarfinsu can. Ni na ce a fara da ƙasusuwan manyan dabbobin zamanin da waɗanda aka tono a Gadufawa cikin jihar Agadas, sannan ɗakin da aka adana itacen Tenere, wanda yake tsaye shi kaɗai a tsakiyar hamada har mota ta kaɓe shi a 1973. Akwai maƙera da dukawa suna aiki a ciki, ka tsaya ka kalla ko ba ka saye. Kaya a can da tsada, takalmi da jakar fata gara ƙauyen masu sana'a na Wadata.

Da rana ka huta, kada ka yi jarumta. Bayan la'asar ka gangara bakin kogin Isa, ka taka gadar Kenedi da ƙafa zuwa Harobanda, ɓangaren da jami'ar Abdu Mumuni take. Tun 1970 gadar take, kuma sai 2011 aka samu ta biyu. Wayarka ta zauna a aljihu kusa da fadar shugaban ƙasa, barikoki da duk inda ka ga soja. Hoto ɗaya yana iya cinye maka yammacin.

Lahadi da safe ka leƙa babban masallacin da ake kira na Gaddafi, ka biya ta Katako in kana son ganin kasuwar da ba abin da ba a sayarwa. Raƙuman dawa na Kure, kimanin kilomita 60 kan hanyar Doso, ka bar su zuwa wata tafiya, kuma sai ka tambayi halin tsaro tukuna. Ka ci kopto (kwaɗon zogale) da soyayyen kifi, ka sayi kilishin tsaraba, ka cika alkawarin gwaggo, ka kwanta da wuri. Motar asubar Litinin ba ta jiran kowa, ka shirya da mai taksin da zai ɗauke ka tun da dare.