Yadda ake auna zogin yaro da salula bayan tiyatar ciwon daji (kansa), da Hausa da Faransanci

Ka tambayi uwa yaya mai jiki, za ta ce da sauƙi, ko da yaron ya kwana yana nishi. Ladabi ne, kuma shi kansa yaron an rene shi da dauriya. Ga wata matsalar kuma: takardar asibiti a Maraɗi da Faransanci take, ciwon kuwa da Hausa ake jin sa. A Amurka an gamu da irin wannan wajen yaran iyalai masu jin Sifaniyanci, aka yi musu manhajoji masu harshe biyu. Mu ma muna iya haɗa namu da salular Android da manhaja kamar KoboCollect, wadda ke aiki ba intanet kuma tana ɗaukar tambaya guda cikin harsuna biyu.

A fara da zaɓen ma'auni bisa shekaru. Daga shekara 4 zuwa sama, ma'aunin fuskoki na FPS-R, wanda aka fitar a 2001, shi ya dace: fuskoki 6, makinsu 0, 2, 4, 6, 8, 10. Daga shekara 8, yaron da ya iya ƙirga zai iya faɗar lamba daga 0 zuwa 10. Ƙanana da waɗanda ba sa iya magana kallonsu ake yi. Ma'aunin FLACC na duba fuska, ƙafafu, motsi, kuka da yadda yaro ke rarrasuwa, kowanne 0 zuwa 2. Ma'aunin EVENDOL, wanda aka yi a Faransa don yara ƴan ƙasa da shekara 7, yana kaiwa 15, kuma daga 4 ake ba da magani. A zaɓi ɗaya cikin waɗannan biyun a tsaya a kansa. Ɗakin da ke gauraya maki na 10 da na 15 zai rikita kansa.

Wajen kalmomi ne aikin ke gyaruwa ko ya lalace. "Ciwo" na iya nufin cutar, ko raunin, ko abin da ake ji. "Zafi" kuma uwa na iya ɗaukarsa zazzaɓi, ta taɓa goshin yaro ta ce babu. Saboda haka tambayar ta nuna wuri: "Nan inda aka yi maka aiki, yana maka zogi yanzu?" A sa zaɓi na irin abin da yake ji: zogi, raɗaɗi, suka, murɗar ciki. Likita na amfana da bambancin, domin raɗaɗi mai kama da ƙuna ko tsirawar allura na iya nuna jijiya ce ta taɓu, kuma maganinsa daban ne. Bayanin fuskokin a naɗe shi da murya, tunda iyaye da yawa ba sa karatun boko, kuma muryar da aka naɗa ba ta sauya magana daga safe zuwa dare: "Wannan fuskar ba ta jin zogi ko kaɗan. Zogin yana ƙaruwa har zuwa wannan, mai jin zogi sosai. Nuna mini wadda take kamar yadda kake ji yanzu." Kada kalmar murna ko baƙin ciki ta shiga, yaro mai kewar gida zai zaɓi fuskar ɓacin rai alhali raunin lafiya lau. Kafin a fara aiki da fassarar, a ba wani ya mayar da ita Faransanci ba tare da ya ga ta asali ba, sannan a gwada ta da yara da iyaye kaɗan.

A kwantar da salular a gicciye don fuskokin 6 su fito a layi ɗaya, ba tare da lambobi ba. A nuna da yatsa inda ake farawa, domin yaron makarantar allo daga dama ya saba karatu. Yaron ne zai taɓa, ba uwa ba. A ce mata a hankali: "Baiwar Allah, ki bar shi ya nuna da kansa, ke ma za mu tambaye ki." Amsarta a rubuta ta a gurbi daban. Kuma kada mai tambayar ya zo da sirinji a hannu: yaron da ya gane cewa faɗin gaskiya na jawo allura zai nuna 0. Shi ya sa ya fi kyau a koya masa fuskokin tun kafin ranar aiki.

A kwana 2 na farko a auna duk awa 4, sau ɗaya yana kwance, sau ɗaya bayan ya yi tari ko ya juya, musamman wanda aka cire wa ƙoda saboda ƙarin Wilms, wato ciwon dajin ƙoda na yara. Bayan magani a sake aunawa: minti 30 idan ta jijiya ne, awa 1 idan ta baki. Manhajar ta nuna ja daga 4 bisa 10, daga 7 kuma a kira likita nan take. Yaron da ya yi lamo, ba kuka, ba wasa, ba ya son a taɓa shi, kada a ba shi 0. Zogin da ya daɗe yana sa yaro ya daina motsi.

Bayan sallama iyaye na iya aiko makin safe da yamma ta saƙon murya na WhatsApp, da lambar katin asibiti maimakon suna, ba hoton fuska. A gaya musu a fili kada su ƙara magani da kansu. Paracetamol miligiram 15 ne ga kowane kilo duk awa 6, amma yana ɓoye zazzaɓi, don haka yaron da ke karɓar maganin ciwon daji a auna zafin jikinsa kafin a ba shi. Idan ya kai 38, sai asibiti. Ibuprofen sai da izinin likita, saboda ƙoda da zubar jini. A riƙa goge salular tsakanin gado da gado, a kuma ajiye fuskokin a kati mai rufin leda saboda ranar da wuta ta ɗauke.