Kafin ku kawo kyanwa ko kare gida a Ingila

Tun da na dawo Sakkwato hutu, da wuya in shiga gida ban tarar da wanda bizarsa ta fito ba, mai karatu ko mai aikin jinya. Ana tambayata kuɗin haya da sanyi da makarantar yara. Ba wanda ke tambayar dabba, alhali kafin shekara ta zagayo yara za su fara naci a kawo musu kyanwa, don sun gani a gidan abokansu.

A nan gida mussa, kamar yadda muke kiranta, ita ke riƙe da kanta: ta haura katanga, ta kama ɓera, ta dawo ta lashe kwano. Can kuwa sau da yawa a bene take kulle, cinta da shanta da lafiyarta duk suna wuyanku. Dokar kula da dabbobi ta 2006 ta wajabta muku nema mata magani in ta kwanta. Tun Yunin 2024 kuma dole a sa wa kyanwa 'yar na'urar shaida a ƙarƙashin fata kafin ta cika mako 20, kare kuwa kafin mako 8. Tarar ƙin yi tana kai fam 500.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda muke ɗaukar ciwo a matsayin rashin ji. Ni ma na faɗa ciki. Muzurunmu ya fara ɗiga fitsari a kan darduma, ɗigo nan, ɗigo can, na yi ta korarsa da tsintsiya. A rana ta uku, da asuba, na same shi tsugune cikin kwanon yashin da yake fitsari da kashi, yana nishi, ba abin da ke fita. Likitar dabbobi ta taɓa mararsa, ta kama hannuna ta ɗora a wurin: mafitsara ta yi tauri kamar lemu. Hanyar fitsari ce ta toshe. Ta muzuru siririya ce, kuma in ta toshe, kwana ɗaya zuwa biyu ya isa ƙoda ta gaza. Sai da aka zura masa roba, ya kwana uku a asibiti. Har yau in na tuna tsintsiyar nan raina ɓaci yake. Ƙiba, busasshen abinci zalla, ƙarancin shan ruwa da takura duk suna taimaka wa wannan ciwo. Ku ajiye ruwa a wuri biyu ko uku, ku haɗa da abinci mai laima, ku riƙa kwashe yashin kullum. In kun ga yana yunƙuri babu fitsari, ko da tsakar dare ne ku tafi.

Sai maganar kemis. Don Allah kada ku ba kyanwa Panadol. Hantarta ba ta iya sarrafa shi, ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta. Maganin ƙuma na kare mai sinadarin fametirin yana sa ta farfaɗiya. Furen lili da ake kawowa kyauta yana lalata mata ƙoda. Kare kuma a nesanta shi da cakulan da inabi da zabibi. Ragowar miyarmu ma, da take cike da albasa, tana lalata jinin kare da kyanwa duka.

Kare ba ya jure kaɗaici. Masu kula da dabbobi can suna cewa kada a bar shi shi kaɗai fiye da awa 4, ku kuwa aikin awa 12 kuke. Zai yi ta haushi, ya ciji ƙofa, maƙwabta su kai ƙara. Tsoro ne, dukansa ƙara tsoron yake yi. Sabar da shi zama shi kaɗai ake yi kaɗan-kaɗan, daga mintuna. Kare mai sanyin hali da ya fara kai cizo kwatsam, a fara duba kunnensa da haƙora da gaɓoɓi.

NHS, wato hukumar lafiya ta gwamnati, ta mutane ce kawai. Ku yi inshora tun dabbar na lafiya, don ba sa biyan ciwon da ya riga ya bayyana. Ƙungiyar agajin dabbobi ta PDSA tana taimakawa da magani, amma galibi masu karɓar tallafin gwamnati, wanda yawancin bizarmu ba ta ba mu damarsa ba. Ku nemi izinin mai gidan haya a rubuce, sannan ku liƙa lambar asibitin dabbobi na dare a jikin firji.