Kula da ƙaramar bindiga mai harsashin .22

Ko a Garwa kake ko a Marwa, lasisi ne farko. Dokar makamai ta 2016 a Kamaru ba ta wasa.

Harsashin .22 LR (wato Long Rifle) a gefen gindinsa yake kama wuta, shi ya sa ba a danna kunama in bindiga wayam take: allurar da ke dukan harsashi takan daki bakin mazaunin harsashi ta lotsa shi. In da harsashi a ciki ka danna ka ji shiru, kar ka buɗe. Bar bakinta na kallon abin hari, ƙirga daƙiƙa 30, sannan ka cire harsashin.

Harsashin ƙazami ne, dalma da kaki yake bari, ga ƙurar hunturu. Goge bindigar duk ranar da ka yi harbi, mai ɗigo biyu ya isa.

Ƙanƙantarsa kar ta ruɗe ka, yana wuce kilomita 1. Sa tudun ƙasa bayan abin harin.