Darasi na Tara: Riƙon Yaro da Littafin Amana

Da wuya ka shiga gida a ƙasar Hausa ba ka tarar da yaron da ba a nan aka yanke cibiyarsa ba. Wani ɗan fari ne da aka kai wa kaka bayan yaye saboda kunya. Wata gwaggonta ce ta ɗauko ta don Allah bai ba ta haihuwa ba. Wani agola ne, ya biyo uwarsa gidan sabon miji. Wani kuwa maraya ne, an yi sadakar arba'in, dangi suka zauna, aka ce wa baffansa, "Ga naka." A cikin ajin nan ma na san akwai masu riƙo, akwai kuma waɗanda a hannun riƙo suka tashi.

Muna yawan cewa ɗa na kowa ne. Gaskiya ne. Sai dai ranar da aka watse daga zaman makoki, sau da yawa mutum ɗaya ake bar wa ɗawainiyar: ci, sha, sutura, makaranta, magani. Wannan darasi zai nuna mana abubuwan da mai riƙo ya kamata ya mallaka a hannunsa, da ƙofofin da zai ƙwanƙwasa, da yadda wannan rubutu da muke koyo zai kare shi ya kuma kare yaron.

Karatu

Malami ya karanta sau ɗaya, sannan kowa ya karanta jimla biyu.

Wata yarinya 'yar shekara shida ta zo gidan gwaggonta. Uwarta ta rasu. Kayanta duka a leda ɗaya suke: riga biyu, zane ɗaya, da silifa. An zuba tuwo, ta ƙi ci. Da dare ta yi fitsarin kwance. Da safe gwaggo ta ɗaga filo, ta ga guntun ƙosai a ɓoye. Ba ta dake ta ba, ba ta gaya wa kowa ba. Ta shanya tabarma a bayan ɗaki inda yara ba za su gani ba. Ta ce, "Uwata, zo mu ci tare." Suka sa hannu a kwano ɗaya.

Ku lura da abin da gwaggon nan ta yi. Yaron da ya rabu da uwa ko uba yakan koma fitsarin kwance ko da ya daɗe da dainawa. Yakan ɓoye abinci don bai tabbata gobe za a ba shi ba. Wani ya yi shiru kamar kurma, wani ya riƙa neman faɗa. Ba iskanci ba ne, ba kuma mugun hali ba ne, tsoro ne da kewa. Duka da gori ƙara su suke yi. Abin da ke rage su shi ne yaro ya ga abu ɗaya kullum: lokacin cin abinci bai canza ba, wurin kwanansa nasa ne, kwanonsa ɗaya da na 'yan gida. Ni a ganina babu inda ake gane riƙon kirki kamar ranar ɗinkin Sallah. Idan an yanko wa 'yan gida shadda, shi kuma aka rage masa tsohuwar rigar wani, ko bai yi magana ba ya karanta matsayinsa.

Sunan ubansa

Kafin annabci, Manzon Allah (SAW) ya riƙi Zaidu ɗan Harisa har mutane suna kiransa Zaidu ɗan Muhammadu. Sai aya ta 5 ta Suratul Ahzab ta sauka da umarnin a kira 'ya'yan riƙo da sunan ubanninsu. Shi ya sa a Musulunci kana iya riƙon yaro, ka so shi kamar ranka, amma ba ka sauya masa uba.

Wannan hukunci yana da amfani har a ofis. Sau da yawa mai riƙo yakan kai yaro makaranta ya rubuta sunansa a matsayin uba, don tausayi, alhali takardar haihuwa tana ɗauke da sunan mahaifi. Shekaru su wuce, a zo yin lambar NIN ta shaidar zama ɗan ƙasa ko rajistar jarrabawar JAMB ta shiga jami'a, wadda ba a yi sai da NIN, sai sunaye su saɓa, a shiga zirga-zirgar kotu da rantsuwa. Tun ranar farko a rubuta suna ɗaya, da harufa iri ɗaya, a ko'ina.

Takardu uku

Ta farko ita ce takardar haihuwa. A Najeriya Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ce ke bayar da ita, kuma tana da ma'aikata a sakatariyar ƙaramar hukuma da wasu asibitoci. Doka ta ce a yi wa jariri rajista cikin kwana 60 da haihuwa, amma idan lokacin ya wuce kada ku fasa, ku je ku yi bayani. A Nijar, ma'aikatar magajin gari ake zuwa. Idan iyayen yaron sun rasu, a nemi takardar shaidar mutuwarsu ma, domin idan mamacin ma'aikaci ne ko yana da ajiya a banki, ba za a saki haƙƙin marayu ba sai da ita.

Ta biyu katin rigakafi. Ku tambaye shi tun ranar da aka kawo yaro, kafin a raba kayan mamaciya ya ɓace a ƙasan akwati. Ana yi wa jariri rigakafi da haihuwa, sai a mako 6, mako 10, mako 14, sai allurar ƙyanda a wata 9 da kuma wata 15. Kyauta ne a asibitin gwamnati. Idan katin ya ɓace, ku kai yaron asibitin sha-ka-tafi mafi kusa, ma'aikata za su duba abin da ya rage masa. Ku kuma tambayi dangi ko yaron yana da sikila, ko farfaɗiya, ko wani magani da yake sha kullum.

Ta uku takardar makaranta. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce shekara 9 na farko, wato firamare da ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma dole ne ga kowane yaro. Ba ta ware ɗan riƙo ba. A karɓo masa takardar canjin makaranta daga inda ya baro. Abin da ya fi ci mini rai shi ne gidan da 'yan gida ke tafiya makaranta da safe, 'yar riƙo kuma ta ɗauki farantin talla. Wannan ba riƙo ba ne, aikatau ne da aka sauya wa suna.

Idan jariri ne

Wanda uwarsa ta rasu wajen haihuwa ya fi kowa bukatar gaggawa. Kada a ba shi madarar shanu, ko ta shayi, ko kunu kafin ya cika wata 6, cikinsa ba zai ɗauka ba. Idan akwai mai jego a dangi da za ta shayar da shi, wannan ya fi, amma ta fara zuwa asibiti a gwada jininta, don akwai cutar da ke bin nono kamar ƙanjamau. Idan babu, ma'aikatan lafiya su nuna irin madarar jarirai da yadda ake haɗa ta da tafasasshen ruwa.

Nan ma alƙalami yana da aiki. A mazhabarmu ta Malikiyya, idan mace ta shayar da yaro a cikin shekarunsa biyu na farko, ko sau ɗaya ne, ya zama ɗanta na shayarwa, 'ya'yanta sun zama 'yan'uwansa, babu aure tsakaninsu. Tsofaffi suna mantawa, suna kuma rasuwa. A rubuta wadda ta shayar da wanda aka shayar da shekarar. Yaron da ba a shayar ba kuwa, idan ba muharrami ba ne ta jini, da ya balaga sai a kiyaye sutura da wurin kwana kamar yadda shari'a ta tsara, cikin hikima, ba tare da an sa ya ji bare ne ba.

Littafin amana

A nan nake so mu daɗe. Maraya yakan zo da dukiya ko da kaɗan ce: akuya biyu, kason gona, keken ɗinkin uwarsa, ɗan kuɗin da abokan aikin ubansa suka tara. Aya ta 10 ta Suratun Nisa'i ta ce masu cin dukiyar marayu da zalunci wuta suke ci a cikinsu. Aya ta 6 kuma ta ba mai riƙo matalauci damar ya ci daidai gwargwado, ta ce mawadaci ya kame, sannan ta ce ranar da za a miƙa wa maraya dukiyarsa a kafa shaidu.

Yawancin rigimar da ke tashi bayan shekara goma ko goma sha biyar ba daga sata take farawa ba. Daga mantuwa take farawa. Akuya ta haihu, an sayar da ɗan an biya magani, babu wanda ya rubuta. Yaro ya girma, wani ya raɗa masa, "An cinye maka gado." Mai riƙon da ya sha wahala tsakani da Allah ya rasa abin nunawa, zumunci ya lalace.

Maganin wannan littafi ne mai fallaye arba'in, irin na 'yan makaranta. A shafin farko a rubuta sunan yaro, sunan ubansa da uwarsa, ranar da ya zo gidan, da duk abin da aka kawo tare da shi. Mutum biyu su sa hannu ko su dangwala yatsa, ɗaya daga dangin uba, ɗaya daga dangin uwa, a gaban liman ko mai unguwa. Sauran shafuka a ja layi a raba su huɗu: kwanan wata, abin da ya shigo, abin da ya fita, dalili. A ajiye littafin da takardun nan uku cikin leda, a sa a akwati inda gara da ruwan damina ba za su kai ba. Wanda bai gama iya rubutu ba ya kawo littafin aji mu cike tare.

Akwai wani abu da mutane da yawa ba su sani ba sai an zo rabon gado. Ɗan riƙo ba ya gadon mai riƙonsa saboda riƙon. Haka jikan da ubansa ya riga kakansa rasuwa ba ya gadon kakan idan akwai baffanni maza a raye. Amma ƙofa biyu a buɗe suke. Kana iya ba shi kyauta tun kana da rai da lafiya, ka miƙa masa a hannu, da shaidu. Kana kuma iya yi masa wasiyya da abin da bai wuce sulusin dukiyarka ba, wato kashi ɗaya cikin uku. Mace ta riƙi yarinya shekara ashirin, ta rasu ba ta bar rubutu ba, sai yarinyar ta fita daga gidan da ledar da ta shigo da ita. Layi uku a takarda sun isa su hana haka.

Ƙofofin da za a ƙwanƙwasa

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma neman taimako don maraya ba roƙo ba ne. A fara da dangi. Tun a zaman farko a faɗa a fili wa zai ɗauki kuɗin littattafai, wa zai kawo hatsi da kaka, wa zai yi ɗinkin Sallah, a rubuta. Idan uban yaron yana raye, ciyarwa tana wuyansa ko a ina yaron yake zaune, kuma kotun shari'a tana iya tilasta shi.

Daga nan sai unguwa. Masallatai da yawa suna da kwamitin marayu, musamman da azumi. Ku kai sunan yaron wajen liman, ko wajen fasto ga Kirista. Maraya matalauci yana cikin masu cin zakka, kuma jihohi irin su Kano suna da hukumar zakka da hubusi. Mata masu adashi suna iya ware zubi ɗaya don kuɗin makarantar marayun layinsu.

A sakatariyar ƙaramar hukuma akwai ofishin jin daɗin jama'a, a jiha kuma ma'aikatar mata, wadda gidajen marayu na gwamnati, kamar na Nasarawa a Kano, ke ƙarƙashinta. Wanda yake son karɓar yaro daga gidan marayu ta nan zai bi, da bincike da takardar kotu. Dokar kare haƙƙin yara ta tarayya ta 2003 ta yi tanadin riƙo da ɗaukar yaro ta hanyar kotu, kuma jihohi suna da nasu dokokin, don haka a tambayi yadda abin yake a jiharku. Wanda ya tsinci jariri ya fara kai shi asibiti, ya sanar da mai unguwa da 'yan sanda, kada ya ɓoye shi a gida ko da niyyarsa mai kyau ce. Idan kuma wani ya zo ƙauye yana cewa a ba shi yarinya ya kai ta birni riƙo, zai riƙa aiko da kuɗi duk wata, a tsaya a bincika sosai. Hukumar NAPTIP, wadda aka kafa a 2003, ita ke karɓar ƙorafin safarar yara.

Lissafi

An kawo maraya da naira 60,000 da akuya 2. An sayi kayan makaranta na naira 14,500, an biya magani naira 6,000. Akuya ɗaya ta haifi 'ya'ya 2, an sayar da ɗaya naira 18,000. Ku ja layuka huɗu kamar na littafin amana, ku shigar da kowanne a gurbinsa. Nawa ne ya rage a hannu? Awaki nawa maraya yake da su yanzu?

Aikin gida

Ku rubuta kalmomin nan sau uku-uku, ku kula da ƙugiyar harufa: riƙo, ɗawainiya, haƙƙi, wasiyya, shaida.

Sannan kowa ya kwafi wannan a littafinsa, ya cike guraben da yaron da ya sani:

Sunan yaro: ………
Sunan mahaifinsa: ………
Sunan mahaifiyarsa: ………
Ranar da ya zo hannuna: ………
Abin da aka kawo tare da shi: ………
Wadda ta shayar da shi: ………
Shaida na farko: ………
Shaida na biyu: ………

Wanda ke da ɗan riƙo a gida ya duba akwati yau da dare, ya zo mana gobe da amsa: cikin takardu ukun nan, wacce ce babu?