Yadda ake kare haƙƙin ɗan wata ƙasa idan an kama shi a Najeriya

Wanda ya fi shiga wannan matsala a Arewa shi ne Bahaushen Maraɗi ko Damagaram da ya zo cin rani ko fatauci, aka kama shi a Kano ko Katsina, kuma saboda Hausarsa ba ta bambanta da ta ɗan sandan da ya kama shi ba, babu wanda ya tuna cewa baƙo ne.

Mataki na farko shi ne ya faɗi ƙasarsa tun a caji ofis, ya nemi a rubuta ta. Da yawa suna ɓoyewa don tsoron kada a haɗa su da jami'an shige da fice, amma ɓoyewar tana rufe musu wata ƙofa. Sashe na 36 na Yarjejeniyar Biyana ta 1963 kan huldar ƙananan ofisoshin jakadanci ya wajabta wa hukumar da ta tsare baƙo ta gaya masa ba tare da jinkiri ba cewa yana da damar a sanar da ofishin jakadancin ƙasarsa, kuma jami'an ofishin suna da ikon ziyartarsa da samar masa lauya. Nijar tana da ofishi a Abuja da ƙaramin ofishi a Kano. Kada 'yan uwa su jira 'yan sanda, su kai takarda da kansu mai ɗauke da sunansa da inda yake tsare. Ɗan gudun hijira da ya gudo daga gwamnatinsa ne kaɗai ya kamata ya ƙi a sanar, kuma zaɓin nasa ne.

Mataki na biyu, wanda a nan ne na ga shari'o'i suna lalacewa tun kafin a je gaban alƙali, shi ne ɗaukar bayani. Ɗan sanda yana tambaya da Hausa, mutumin yana amsawa da Hausa, amma abin da ake rubutawa Turanci ne, sannan a ce ya dangwala yatsa a kan takardar da ba ya iya karantawa. Wanda ya yi boko a Nijar ma Faransanci ya karanta. Sashe na 35(2) na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ba kowane mutum, ba ɗan ƙasa kaɗai ba, damar yin shiru har sai ya gana da lauya, don haka ƙa'idata ita ce kada ya faɗi komai ban da sunansa da ƙasarsa kafin lauya ya iso. Sashe na 17 na Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015 ya ce idan wanda ake zargi ba ya jin Turanci, tafinta ne zai rubuta bayanin, ya karanta masa har ya fahimta, sannan tafintan ya sa sunansa da adireshinsa da hannunsa a jikin takardar. A duba wannan sa hannun da kyau, domin idan mai gabatar da ƙara bai kawo tafintan ya ba da shaida ba, lauya yana da hujjar neman kotu ta ƙi karɓar bayanin. Idan kuma duka ko barazana suka sa ya amsa laifi, ya gaya wa lauyansa da wuri, saboda ana yin suka ne a daidai lokacin da aka miƙa takardar ga kotu, ba bayan an karɓe ta ba. Dokar 2015 ta tarayya ce, jihohi suna da nasu makamanta, kamar ta Kano ta 2019, sai lauya ya duba wadda ta shafi laifin.

Wanda ba shi da kuɗin lauya ya nemi Hukumar Ba da Agajin Lauyoyi ta Ƙasa, wadda aikinta kyauta ne. Na fi son a fara da ita da a bi 'yan kanzagin da ke zagaye caji ofis suna karɓar kuɗi da sunan za su kashe magana.

Na uku shi ne lokaci. Dole a gaya masa dalilin kamun a rubuce cikin awa 24 da harshen da yake ji, a kuma kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu mai hurumi a tazarar kilomita 40, ko kwana biyu idan babu, sai dai a laifin da hukuncinsa kisa ne. Belin 'yan sanda ba na kuɗi ba ne. Wahalar baƙo ita ce ana tsoron zai tsallaka iyaka, saboda haka a nemo masu tsaya masa waɗanda suke da tabbataccen mazauni a garin, kamar shugaban kasuwar da yake ciniki ko mai gidan da ya sauke shi. Mace ma tana iya tsayawa.

A kotu ya nemi tafinta da bakinsa tun ranar da za a karanta masa tuhuma, domin sashe na 36(6) na Kundin Tsarin Mulki ya ba shi tafinta kyauta, kuma lauya ya tabbatar an shigar da buƙatar cikin kundin shari'a, don wanda ya yi shiru a kotun farko da wuya a saurari kukansa a ɗaukaka ƙara. Idan an yanke masa hukunci, a karɓi kwafinsa nan take, a aika wa ofishin jakadanci, a shigar da ɗaukaka ƙara kafin wa'adi ya cika.